Hanyar Timiya da tsohuwar motar da ke mutuwa a hawa

Yayana ɗan kasuwar kayan lambu ne, kuma kowace shekara idan sanyi ya kama yakan haura Abzin domin ya sayo lemu da rumman daga lambunan Timiya, ya kuma kai wa masu lambun tiyo da kayan gyaran injin ban-ruwa da suka yi masa saƙo. A wannan karon ya ce in raka shi, tunda ni ke riƙe masa littafin lissafi. Daga Damagaram muka bi motar haya ta Tanut da Adarbisanat har Agadas, tafiyar kilomita kusan 450, a can kuma muka ɗauki shatar motar da za ta shiga da mu cikin duwatsu, domin daga Agadas zuwa Timiya, wajen kilomita 220, hanya ce ta yashi da tsakuwa da hawa, wadda ƙaramar mota ba ta ma soma gwadawa.

Motar Toyota Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, samfurin 75, mai injin dizal da ake kira 1HZ. Kamfanin ya fara fitar da wannan inji ne a 1990, da silinda shida a jere, girman lita 4.2, babu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, babu kwamfuta, ƙarfinsa kuwa kusan doki 130. Abin da ya sa direbobin hamada suke mutunta shi shi ne kusan komai a jikinsa ƙarfe ne da ke motsa ƙarfe, don haka mutumin da ke da sifana da hankali yana iya bin sawun ciwonsa ko a tsakiyar daji. Mai motar, wanda shi ne ke tuƙa ta da kansa, dattijo ne Ba'abzine mai ƙarancin magana, Hausarsa irin ta mutanen Agadas, yana tafe da wani matashi yaron mota da ke koyon aiki a hannunsa. A bayan motar, bisa kayanmu, akwai wani fasinja da ya ce ya taɓa tuƙa babbar mota tsakanin Arlit da Tawa.

Mun cika tanki a gidan mai kafin mu bar gari, hasumiyar babban masallacin Agadas tana bayanmu, muka bi gefen ƙoramar Telwa muka nufi Dabaga, inda lambunan albasa suke jere a bakin yashi. Tun da matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ana samun man dizal na cikin ƙasa a gidajen mai na manyan garuruwa, amma motar da ke yawo a daji ba ta da zaɓin inda za ta sha mai. Abin da ta samu a ƙauye daga durom ko jarka shi take sha, kuma tankin mota yana ajiye dattin duk abin da aka taɓa zuba masa, ko da man yau mai kyau ne.

Bayan mun wuce Dabaga, inda ƙasa ta fara tudu, motar ta soma nuna halinta. A shimfiɗaɗɗen wuri tana tafiya lafiya lau, amma da zarar an shiga yashi mai zurfi ko aka kama hawa, dattijon ya taka totur, sai ƙarar injin ta lafa, motar ta riƙa fizga tana sakewa, daga bisani ta mutu. Idan aka bar ta ta ɗan huta aka murza makulli, sai ta tashi bayan ɗan jan kik, ta ci gaba da tafiya tamkar babu abin da ya faru, har sai an sake kama wani hawan. Da abin ya maimaita kansa, dattijon ya gangara da ita ƙarƙashin wata ƙirya ya tsaya. Fasinjan nan ya diro tun kafin a buɗe bonet yana cewa famfon injekta, wato wanda ke tura wa injin mai, shi ne ya gaji, kuma ya san wani sukuru a bayan famfon da za a murza a ƙara mata mai ta ƙarasa da mu.

Dattijon bai amsa masa ba. Ya juya wajen yaronsa, wanda ke zaune a baya tun daga Dabaga, ya tambaye shi irin hayaƙin da salansa ke fitarwa a lokacin da motar ke sarewa.

"Babu hayaƙi, Maigida," in ji yaron. "Sai ɗan fari-fari idan tana gab da mutuwa."

Na tambaye shi, "Baba, me hayaƙin zai gaya maka?"

Ya ce, "Ɗana, da baƙi ne, da mai ya yi mata yawa ko iska ta yi mata kaɗan. Tunda babu, yunwa take ji."

Na daɗe ina juya wannan amsa, domin ita ta raba binciken gida biyu tun kafin a taɓa ko noti ɗaya. Injin dizal ba shi da fulogin da ke kunna wuta irin na motar fetur. Fistin ne ke matse iska fiye da ninki 20 har ta yi zafi, sannan nozil ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Idan filtar iska ta toshe da ƙura, ko nozil ya lalace yana zubar da mai maimakon fesawa, man ba ya ƙonewa duka, sai ya fita baƙi ƙirin. Hawa tudu ma yana kawo irin wannan, saboda injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da aka haura, Abzin kuwa ƙasa ce ta tuddai, har dutsen Bagzan ya haura mita 2,000. Hayaƙi mai shuɗi alamar baƙin mai ne yana ƙonewa. Motarmu ba ta nuna ko ɗaya ba, allurar zafi tana tsaye inda ta saba, kuma da aka zaro filtar iska aka kakkaɓe ta ba a sami abin kirki ba. Abin da ya rage shi ne man da injin ke nema ba ya isowa gare shi a lokacin da ya fi bukatarsa.

Daga nan dattijon ya fara da abin da ba ya cin ko dala. Ya sa yaron ya buɗe murfin tanki a hankali yana saurare, domin idan ƙofar numfashin tanki ta toshe da laka, man da ke fita ba ya samun iskar da za ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe man, kuma da an buɗe murfin za a ji ya ja iska da ƙarfi. Ba a ji komai ba. Ya koma gaba ya sa aka murza makulli ba tare da an tayar da injin ba, ya ɗora yatsa bisa wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya a bayan famfon injekta, wanda shi ke buɗe wa mai hanya idan an kunna, ya rufe idan an kashe. Ya ji ƙarar buɗewarsa, ya girgiza wayar ya ga ba ta yi sako-sako ba. Ya ce ko da ma bai zarge shi sosai ba, saboda idan wannan ne ya yanke, mota tana mutuwa ne farat ɗaya, ba ta tsaya tana fizga.

Sai aka zo kan filtar mai. A wannan mota filtar tana da matarar ruwa a ƙasanta, da wani ɗan famfon hannu mai zagayayyen kai a samanta wanda ake dannawa da tafin hannu. Asali akwai fitila a gaban direba da ke kamawa idan ruwa ya taru, amma wayarta ta daɗe da tsinkewa. Dattijon ya ɗauko ɗaya daga cikin ƙananan kofunan shayinsa na gilashi, ya tara a ƙarƙashi, ya sassauta marufin da ke gindin filtar, yaron yana danna famfon. Da kofin ya cika ya ɗaga shi sama ya sa shi tsakaninsa da rana. A ƙasa akwai ruwa mai kaurin yatsa guda, ja-ja da tsatsa, man yana bisansa, tsakaninsu kuma wani baƙin abu mai yauƙi yana lilo. Ruwa ya fi dizal nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa, kuma ba lallai sai mai sayar da mai ya yi algus ba ne yake shiga, domin tankin da ya kwana rabi a daren sanyi yana yin gumi ta ciki. Baƙin yauƙin nan kuwa ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu. Ya shafa man tsakanin yatsunsa ya shinshina, ya ce santsinsa na nan, babu warin kananzir ko fetur.

Wannan gwajin yatsu yana da dalili mai ƙarfi. Famfon injekta na 1HZ irin mai juyawa ne, fistin ɗaya ke raba mai ga silinda shida, kuma man dizal ɗin da ke ratsa shi shi ne kaɗai maiƙon da ke hana ƙarafan cikinsa cin juna. Tsohon injin 2H da ya gabace shi yana da famfo mai jeri wanda baƙin man inji ke shafawa, don haka ya fi jure mugun mai. Na juyawa kuwa ruwa da kananzir suna kashe shi a hankali, kuma ƙarafan cikinsa an daidaita su ne daidaitawar da ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata. Wannan ne ya sa, da fasinjan ya sake kawo maganar sukurun nan, dattijon ya ce masa a taƙaice, "Malam, ba a buɗe wannan a cikin iska." A ganina gaskiyarsa ce, har ma fiye da yadda ya faɗa, domin ƙara wa famfo mai ba ya kawo man da bai iso ba, kuma ranar da hanyar ta buɗe sai injin ya riƙa zafi yana turnuƙe hayaƙi.

Yana da sabuwar filta a ƙarƙashin kujera, naɗe cikin tsumma. Ya shafa ɗan mai a robar bakinta, ya ɗaura ta da hannu ba da sifana ba, kuma ya hana yaron ya cika ta da man jarka kafin a ɗaura, yana cewa duk abin da aka zuba ta tsakiya ya riga ya tsallake tacewa. Da famfon hannu aka cika ta har ya yi tauri. Tsohuwar kuma ya farka ta da wuƙa ya baje takardar cikinta, muka ga ta yi baƙi, da ɓarɓashin tsatsa a kowane lanƙwaso. Kowa ya ce an gano ciwon, motar ma ta tashi da ƙarfinta, muka yi tafiya mai nisa har rana ta faɗi muka sauka a bakin wata ƙorama kusa da Elmeki, garin da aka san shi da haƙar kuza.

Da asuba sanyi ya yi tsanani, motar ta yi gardamar tashi, ta fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Yayana ya dube ni da damuwa, amma dattijon ya ce wannan wani lamari ne dabam, na hita ne, wato ƙarafan da ke ɗumama ɗakin ƙonewa kafin a tayar, kuma ya san biyu daga cikin shidan sun raunana tun bara. Ya kunna su sau biyu kafin ya ja kik, hayaƙin ya washe da injin ya ɗumama.

Ba mu yi nisa ba ciwon jiya ya dawo, a kan wani hawa mai duwatsu inda tayoyi huɗu duka suke ja. Wannan karon dattijon bai jira motar ta huta ba. Tana mutuwa ya diro da sauri ya buɗe bonet, ya nuna mana kan famfon hannun nan, wanda ya lotsa ciki da kansa ba tare da kowa ya danna shi ba. Muna kallo ya riƙa tasowa sannu a hankali har ya koma daidai. Ya ce ga shaida nan, wani abu yana riƙe man, kuma tunda filtar sabuwa ce, abin yana can baya, tsakaninta da tanki.

A nan ne ya yi mana bayanin da ya fi kowanne amfani a wannan tafiya. A wannan inji babu wani famfo a cikin tanki da ke turo mai gaba. Famfon injekta ne da kansa yake zuƙo man tun daga tanki, ta bututun ƙarfe da ke bin shasi, ta cikin filta, har ya iso gare shi. Ke nan duk wannan hanya a zuƙe take, ba a tunkuɗe ba, saboda haka idan tiyo ya tsage ba lallai a ga mai yana ɗiga ba, iska ce za ta riƙa shiga, kamar yadda mai shan lemo da tsagaggen bututu yake zuƙar iska alhali ba ya ganin inda lemon ke zuba. Mutum zai iya kwanciya ƙarƙashin mota ya duba ko'ina ya ga a bushe, ya tashi ya rantse babu yoyo.

Cikin kayan da yayana ke kai wa masu lambu akwai farin tiyo siriri mai nuna abin da ke ciki, irin wanda magina ke awon daidaito da shi. Dattijon ya nemi a yanko masa tsawon kamu biyu, ya cire baƙin tiyon da ke tsakanin filta da famfon injekta ya sa wannan a madadinsa, aka buga famfon hannu, aka tayar. A silo man yana wucewa garau. Da yaron ya taka totur ya riƙe, sai ƙananan kumfa suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, suka yi jerin gwano, daga baya suka haɗe suka zama dogayen gurabe na iska, a daidai lokacin kuma muryar injin ta fara rawa. Gani ya kori ji. Fasinjan ya tsuguna ya daɗe yana kallon tiyon, bai sake ambaton sukuru ba.

Saura a san ta ina iskar ke shiga, da abin da ke riƙe man. Dattijon ya sauko da jarkar mai, ya tace shi ta mazurari da ƙyallen rawani zuwa wata jarka mai tsabta, ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa filta, ya sa wani dogo daga filtar kai tsaye zuwa cikin jarkar. Ya kuma cire tiyon da ke mayar da rarar mai tanki ya jefa shi cikin jarkar, yana gaya wa yaron cewa wanda ya manta da wannan zai ga jarkarsa ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, domin famfon yana zuƙar fiye da abin da injin ke ƙonawa, ragowar kuma komawa take yi. Aka ɗaure jarkar da igiyar roba a bayan ɗakin direba. Motar ta haye hawan nan ba tare da ta yi ko tari ba, farin tiyon kuma babu kumfa ko ɗaya. Da wannan gwaji guda famfon injekta da nozil shida da kan filta duk suka fita daga zargi, ba tare da an kwance ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yaron ya so a sassauta notin bututun nozil ɗaya bayan ɗaya da sifana mai lamba 17, yadda ya ga ana yi idan ana neman silindar da ba ta aiki. Dattijon ya ce babu bukata tunda injin na tafiya sumul, ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa kai yatsa kusa da wurin idan injin na aiki, saboda man da ke fita a nan yana da matsin da ya haura bar 100, wato kusan ninki ɗari na matsin iskar da muke shaƙa, yana iya huda fata ya shiga nama.

Haka muka ƙarasa da jarka a ɗaure, muna tsayawa lokaci zuwa lokaci ana ƙara mata mai. Kafin a shiga Timiya akwai wurin da ruwa ke gangarowa daga baƙin dutse yana taruwa a wani tafki, daga nan kuma sai ƙorama mai faɗi da dabino a gefenta, da tsohon barikin da Faransawa suka gina bisa tudu yana kallon garin. Lambunan suna bin bakin ƙoramar, wasu ana ba su ruwa da inji, wasu har yanzu raƙumi ne ke jan guga daga rijiya. Yayana ya shiga cinikinsa, ni kuwa da na gama rubuta abin da aka auna sai na koma inda aka ajiye motar, domin dattijon ya ce ba zai ɗora mata lodin lemu ya koma da jarka ba.

Sun juye man tankin cikin durom ta marufin ƙasa, suka kwance tankin suka sauke shi bisa tabarma, suka zaro bututun da ke zuƙar mai. Ragar da ke bakinsa ta yi rabin toshewa da tsatsa da baƙin yauƙin nan. Da yaron ya haska tocila ciki ya zura waya mai lanƙwasa, ya jawo wani yankin baƙar leda mai faɗin tafin hannu. Duk wanda ya taɓa sayen mai a jarka ya san asalinta, domin masu sayarwa suna shimfiɗa leda a bakin jarka kafin su murza murfi don kada ya yi yoyo, kuma wani lokaci ledar tana bin man ta faɗa tanki. Ita ce ke yawo a cikin man, idan injin ya zuƙa da ƙarfi a hawa sai ta manne a ragar ta rufe sauran ƙofar, idan motar ta mutu zuƙar ta saki sai ta faɗi, shi ya sa hutawa ke warkar da motar. Ɗan guntun tiyon roba da ke haɗa tanki da bututun ƙarfe kuma ya bushe ya yi tauri, da aka lanƙwasa shi sai tsaga ta bayyana a ƙarƙashin zoben da ke matse shi. A tafiyar yau da kullum tsagar ba ta buɗewa, sai ledar ta toshe hanya zuƙa ta yi ƙarfi sannan take ba iska hanya, don haka ciwo biyu ne suka haɗu, kowanne yana ɓoye a bayan ɗan'uwansa.

An wanke tankin da mai ana jijjiga shi har abin da ke fita ya yi garau, aka goge ragar da tsohon buroshin haƙori, aka hura bututun ƙarfen da famfon taya daga gaba zuwa baya. Dattijon ya yanko sabon tiyon mai daga wanda yake ajiye da shi ya maye gurbin tsagaggen, ya kuma cire farin tiyon magina ya mayar da baƙin, saboda dizal yana sa irin wannan farin ya ƙage ya tsage idan ya daɗe. Man da aka juye a durom an bar shi ya kwana ya kwanta, washegari aka kwashi na sama ta mazurari da ƙyalle, aka bar na ƙasa domin wanke kayan aiki.

Mun komo Agadas da lodin lemu da rumman har saman ƙarfen baya, motar ba ta sake sarewa a hawa ko ɗaya ba. Kafin mu rabu yayana ya ƙara wa dattijon wani abu bisa kuɗin shata a madadin filtar da aka sa a hanya, shi kuma ya ce zai sayi guda biyu, saboda dattin da ya rage a bututu zai cika wannan sabuwar da wuri, sannan zai kai motar wurin mai gyaran waya a haɗa masa fitilar ruwan nan, a kuma canza hitocin biyu kafin sanyi ya ƙara ƙarfi.